Yayana Ya Hana a Ɗebi Jininmu

Malam Daudu,

Don Allah ka taimake ni, kaina ya ɗaure. Ni malamin firamare ne a Roni. Ciwon dajin hanji ya kashe mahaifinmu, ya kashe baffanmu, ga shi bana an yi wa yayarmu Adda Rahamatu aiki a Kano, shi ne dai. Wani likita mai bincike a jami'a ya roƙe mu a ɗebi jinin 'yan gidanmu, a kuma bar masa abin da aka yanke a cikinta. Yana son ya duba cikin ƙwayoyin halitta ko akwai abin da muke gada. Bai ɓoye mana ba, ya ce binciken ba zai warkar da Adda ba, sai dai ya amfani jikokinmu.

Babban yayanmu Sama'ilu ya rantse ba wanda zai ba da ko ɗigo. Wai za a sayar wa Turawa, wai gari zai ɗauka muna da cutar gado, manema 'ya'yansa mata su gudu. Na yi bayani har muryata ta dishe, sai ya ce boko ya ɓata ni. Yanzu ko gaisuwata ba ya amsawa. Ni kuwa ɗan ciwon ciki kaɗan sai gabana ya faɗi. In tafi a ɓoye ne?

Mai Damuwa, Roni

Ɗan'uwa, Allah ya jiƙan magabata.

Tsoron yayanka ba shirme ba ne. Bakin mutane yana hana aure, shi kuma uba ne. Inda ya kuskure shi ne zaton shiru zai kare yaran. Kada ka tafi a ɓoye, ranar da ya ji zai ce zarginsa ya tabbata. Nemi likitan ya faɗi ƙarara inda jinin zai je da yadda za a sakaya sunanku, sannan ka sa dattijon da Sama'ilu ke jin nauyi ya zaunar da ku. In ya ƙi, faɗa masa cikin ladabi cewa kai za ka ba da naka. Kuma ka je a duba cikin nan naka, wannan ba ya jiran izinin kowa.

Abu ɗaya ya dame ni: kun yi ta jayayya a kan abin da aka ciro daga jikin Rahamatu, ban ga inda kuka tambaye ta ba. Fara da ita.

Allah ya ba ta lafiya, ya daidaita ku.