Muryar Inna a Kwamfutar Yaya

Segbana, ƙasar Benin

Yaya Mudassiru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali. Na rubuto ne tunda ka daina ɗaukar wayata.

Ga ƙunshi nan hannun Ɗanmusa direba. Na'urar sauraren waƙa ce, sabuwa, da wayarta. Tun da Inna ta rasu nake roƙonka ka aiko min kwamfutarka in kwashi muryarta da ka ɗauka, ka ce kwastan za su ƙwace ta a iyaka. To, na ji. Ka jona na'urar, ka tura min komai: tatsuniyoyin, waƙoƙin daka na Dandanci, da hirar da ta yi maka kan garinsu. Ɗiyana ba su san muryar kakarsu ba. Ba kwamfutarka nake so ba, uwata nake so, kuma ba kai kaɗai ta haifa ba.

Ka huta lafiya.
Tasallah

Bagudo

Zuwa ga ƙanwata Tasallah,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa mai yawa, saƙonki ya iso, da kalamanki.

Na jona na'urar kamar yadda kika umarta. Tana shan caji, fitilarta na kamawa, amma kwamfutar ba ta ganin ta. Na gwada kowace kafa, na kashe na kunna, na ari wata waya a makarantar da nake koyarwa. Shiru. Kwamfutar ta girmi ɗanki na fari, ke kuma kin sayo abin da aka ƙera bana ba tare da kin tambayi kowa ba. Haka kike tun kina yarinya.

Game da wa ta haifa, ban manta ba. Ina tuna ma wanda ya yi jinyarta a asibitin Birnin Kebbi, da wanda ya tare mutane ranar jana'iza. Ranar kasuwa zan kai su duka wurin Yero mai tura waƙoƙi.

Allah Ya sa mu dace.
Yayanki, Mudassiru

Segbana

Yaya,

Salamu alaikum. An rufe iyaka a shekarar da Inna ta rasu, kai ma ka sani. Na zo har bakin shinge da goyo a bayana aka mai da ni. Ka ci gaba da yi min gori, ba zan sake ba ka amsa a kai ba.

Kada ka kai wa Yero. Na san irinsu, muna da su nan bakin tasha. Kowace cuta magani ɗaya suka sani. In ba ka iya ba, ka ce ba ka iya ba, ba a mutuwa da faɗin haka. Ka naɗe kwamfutar cikin zane ka ba Ɗanmusa. Shinkafa yake ƙetarewa da ita kullum, kwamfuta ɗaya ba za ta gagare shi ba.

Tasallah

Bagudo

Zuwa ga Tasallah,

Bayan sallama. Takardarki ta same ni na riga na dawo daga kasuwa. Zan faɗa miki abin da ya faru yadda ya faru.

Yero ya duba ya ce tsarin da ke cikin kwamfutar ya tsufa, sai an sa mata sabo kafin ta gane na'urar. Na tambaye shi, kayana fa? Ya ce, "Malam, kayanka na nan, kai dai je ka yi salla." Na tafi azahar. Da na dawo, ga na'urarki ta bayyana a fuskar kwamfutar, yana ta murmushi. Na nemi jakar cikin kwamfutar da na sa wa suna Inna. Babu. Ya ce ai kowa ya san sai an wanke kwamfuta kafin a sa sabon tsari, ya ɗauka kayan da nake nufi caja ce da jakar ratayawa.

Na yi masa abin da ban taɓa yi wa mutum a kasuwa ba, sai da aka riƙe ni. Da kin aiko da memori irin na kowa da ba a kai nan ba. Wannan ba zargi ba ne, gaskiya ce.

Mudassiru

Segbana

Mudassiru,

Ban yi sallama ba, na sani.

Ka bar uwarmu kan teburin mai tura waƙa ka tafi, kuma har kana da bakin maganar memori. Zan ajiye wannan sai wata rana.

Saurara da kyau. Mijina ya kira wani mai gyara a Kandi. Ya ce abin da aka goge bai tafi ba, yana kwance a ƙasa, ana iya tono shi muddin ba a zuba wani abu a kansa ba. Kada ka kunna ta. Kada ka taɓa ta. Ka ba Ɗanmusa yau. Wannan karon ba roƙo nake ba.

Tasallah

Bagudo

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ga kwamfutar da na'urar hannun Ɗanmusa.

Akwai abin da ya kamata mutumin Kandi ya sani. Yero ba ya sallamar abokin ciniki hannu wofi. Kafin in dawo daga masallaci ya yi min gyara, kamar yadda mai awo ke ƙara hannu ɗaya bisa mudu: ya cika kwamfutar har baki da waƙoƙin biki, wa'azi da finafinan Indiya. Ya cika na'urarki ma. Ko sisi bai karɓa a kansu ba.

Ki sanar da ni abin da aka ce.
Yayanki

Segbana

Wa alaikumus salam.

Mutumin Kandi ya tona. Ya samo hotunan makarantarku da guntun murya ɗaya da bai kai tsawon numfashi ba. Tari Inna ta yi, sannan ta ce, "Mudassiru, ya fara ɗauka?"

Na tura shi a na'urar, na goge sauran. Kwamfutarka na wurin Ɗanmusa. Guntun ba ya ciki.

Tasallah