Malam Idi Zai Sha Kunya Ranar Taron Iyaye

Yaya Hadiza,

Gaisuwa mai yawa. Ya maigida da yara, ya zaman Agadas? Mu nan Tarka lafiya lau.

Na kai 'yan ajina na koleji daji kwana biyu, kusa da rijiyar makiyaya. Labarin rijiya da ya gagare su a aji, can suka karanta, suka ja guga, suka gane shi sarai. Sai Malam Idi, abokin aikina, ya bi iyaye gida-gida wai kiwon awakina na kai su. Direkta ya hana ni sake fita da su.

Ban yafe ba. Ranar taron iyaye zan tsayar da ɗiyar Malam Idi, Ramatu, wadda ke cikin waɗanda na kai dajin, ta karanta ta yi bayani, sannan in tambaye shi gaban jama'a: akuya ce ta koya mata?

Ki gaida Inna. Ki sa ni a addu'a, kada zuciyata ta yi sanyi kafin ranar.

Ƙanenki, Sani