Tokar da Na Barbaɗa wa Tsiro

Bogor, Indonesiya

Yaya Ma'u,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya yara, yaya ƙarfin jikin Inna? Ni lafiya lau nake, sai dai ruwan sama kullum. Abinci kuma ina ci gwargwado.

Aikina a jami'a shi ne bayyana wani tsiro da ke zama bisa reshen itace kamar kauci, amma ba ya shan ruwan itacen. Gindinsa ya kumbura kamar gora, ga ƙaya, cikinsa duk 'yan ɗakuna cike da tururuwa. Dangin giyayyar fadamarmu ne. Da aka ba ni ɗaya in kula da shi, na ga tururuwa sun yi masa yawa, sai na barbaɗa toka yadda marigayi Baba ke yi a gindin rumbu. Suka watse. Sannu a hankali ya yi yaushi, ya bushe. Ashe, in ji malamina, dattin da suke tarawa a ciki shi ne abincinsa.

Tun ranar nake tunanin Inna. Ni na matsa aka ɗauke ta daga Argungu, wai jikoki da maƙwabta sun hana ta hutawa, aka kai ta birni, unguwar Badariya, gida mai doguwar katanga. Ƙanwarmu Rauda ta ce yanzu sai ta wuni ba ta ce uffan ba, tuwo ma loma biyu.

Don Allah, Yaya, ki sa baki a maida ta gida kafin yankan shinkafa. Ki ce ta yafe mini. A bar yara su dame ta.

Ƙanenki,
Ikrima