Safar da ke cikin kwalinka

Assalamu alaikum Auta,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da aiki. Allah ya ƙara rufin asiri. Mu nan alhamdu lillahi, ciwon bayan Inna ya yi sauƙi, Baba kuma yana ta fama da sabuwar ƙafar robarsa.

Saƙonka ya iso, ya kuma yi abin da saƙonka ya saba yi, wato shafe wahalata. Wata bakwai ina rufe shagon atamfa in kai Baba wurin mai haɗa ƙafa. Ni ke wanke dungun ƙafar, ni ke shanya safa. Kai ka aiko safar ciki guda ɗaya tak daga ƙasar waje a kwali mai ƙyalli, duk wanda ya shigo gaisuwa sai Baba ya sa an ɗauko kwalin, ya ce ɗansa ne ya aiko. Ni kuwa ko sannu sai na yi gyaran murya.

To ga inda ka yi kuskure. Awon da ka saya da shi na lokacin da aka sallamo Baba daga asibiti ne, dungun yana kumbure. Yanzu ya rame. Safarka ta yi masa yawa, tana zamewa, gumi na taruwa a ƙasa, har fata ta yi ja ƙarƙashin gwiwa. Mai haɗa ƙafa ya ce da ciwon sukarin Baba, in wurin ya buɗe, ƙafar robar jingine ta za a yi da bango, shi kuma ya koma gado. Muka zauna zaɓen wata, mai haɗa ƙafa yana awo ni ina taɓawa, don hannuna ya san kaya ko na roba ne. Muka ɗauki ta ciki mai kauri ta gaban ƙauri, da ta waje mai kama gwiwa har cinya, wadda ba ta naɗewa in ya zauna. Baba ya kalle su ya ce kayan kasuwa ne, shi ta ɗansa zai sa.

Ka dai san yayarka. Na ɓoye taka a ƙasan akwatina, na naɗe nawa cikin kwalinka har da takardar nan mai laushi, na ce ka sake aiko wasu. Yau kwana tara yana sa su, jan ya ɓace, jiya da kansa ya taka har bakin titi. Ya dawo yana cewa shi ya sa kayan waje daban ne. Yana ta sa maka albarka, ni ina durƙushe ina gyara masa safar, ina cewa amin.

Ka gaida matarka da ƴan biyu, da ƙaramar nan mai kama da ni, Allah ya sa ta fi ni farin jini. Inna tana gaishe ku.

Kada ka sake sayen komai sai ka tambaye ni awo. In kuma Baba ya kira ka, kada ka ce wace safa. Ka karɓi godiyar kawai, ai ka saba.

Taka,
Yaya mai atamfa