Muciyar da Kika Cusa Mini a Kaya

Zuwa ga Yaya Hajo a Yako,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, da maigida da yara. Yaya damina?

Yaya, ki yafe mini faɗan da na yi kan muciyar nan. A tashar Kumasi ta faɗo daga kayana, abokan tafiya suka yi ta dariya, wai an kawo amarya. Wata biyu muna cin dokunu, dafaffen ƙullin masara mai tsami na mutanen nan, cikina ya ƙi. Ran Juma'a na sayi garin masara, na tuƙa tuwo yadda kike yi. Ya yi gudaji, amma ko loma ba ta rage ba. Yanzu masu dariyar ne ke zuwa aronta. Allah ya saka miki da alheri.

Ki gaida Inna, ta sa ni a addu'a. Ki ce mata ɗanta yana ƙoshi.

Ƙaninki,
Sule