Sun Cike Kududdufin Bayan Gida, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ɗa ga uwa, da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki, na ɗauki alƙalami ne don in shaida miki abin da ya sami ɗakinki. Na san takarda ba ta isa inda kike. Amma na gaya wa masu rai har muryata ta dushe, ba wanda ya saurara. Shi ya sa na ce bari in gaya miki, wanda ya ga dama ya leƙo ya karanta.

Inna, sun cike kududdufi.

Na bayan gidanmu nake nufi, wanda duk ruwan unguwa, tun daga ƙofar masallaci, yake gangarowa ta lungun gefen zaurenmu ya faɗa ciki. Kin fi ni sanin ba gida ɗaya a unguwar nan da ba daga cikinsa aka ɗebi ƙasar gininsa ba. Kowace bazara in ya ƙafe, mai unguwa ya sa a yi shelar gayya, maza su sauka da diga da galma, jakai su yi ta hawa da mangala, kowa ya kai ƙasar yaɓen gidansa kafin ruwa ya sauka. Ke kuma ki dama fura a babbar ƙwarya, ki tsaya a bakin gaɓa kina yi mana tsiya in kin ga mangala ba ta cika ba. Har yanzu ina jin muryarki: "Ku ɗiba da yawa, raggwaye. Inda kunka ɗiba yau, nan ruwa ka kwana in damana ta zaka."

Lokacin dariya kawai nake yi. Ban lura ba aiki biyu muke yi da diga ɗaya, muna gyara gida, muna kuma yi wa ruwa masauki.

Kin bar mu a shekarar da aka ba mu jiha, saboda haka ba ki ga yadda garin ya kumbura ba. Ma'aikatan da ke Sakkwato suka dawo gida, 'yan kasuwa suka samu, samari kowa yana son ya fita daga gidan gado ya kafa nasa. Ban ga laifinsu ba, wallahi. Ƙanena Sani, autanki, yana cunkushe da matarsa da 'ya'yansa a ɗaki ɗaya, na fi kowa so ya sami fili. Kuma filin akwai shi. Ga faƙon nan na hanyar Gummi shimfiɗe, ko gero ba ya yi, ruwa ba ya kwana a kansa. Laifinsa ɗaya, ya yi nisa da kasuwa. Kududdufi kuwa yana bakin kwalta.

Sai aka kafa kwamitin filaye. Suka zo da tsakar rani, da igiyar awo da turaku, suka tarar da rami busasshe awaki na kiwo a ciki, suka yanka shi fuloti-fuloti. Da rani, Inna! Ke da kika ba ni labarin Baba bai aza tubali ko ɗaya a gidan nan ba sai da ya bar filin ya sha damina guda, yana zuwa bayan kowane ruwa yana duba inda ya bi da inda ya tsaya. Haka kowa yake yi a da, ba don an rubuta ba. Su kuwa yini ɗaya ya ishe su.

Mun je, kada ki ce mun zauna. Mai unguwa a gaba, mu a baya, har ofishinsu. Aka ba mu benci, aka bar mu muka gama, sannan aka yi mana karatu: kududdufi matattarar sauro ce, ƙazanta ce, ƙauyanci ne, gari ya ci gaba. Za a yi lambatu na siminti ya kwashe ruwan, yana nan cikin tsari. Maganar sauro gaskiya ce, ban musa ba, mun sha cizo. Na nemi a fara yin lambatun mana kafin a cike ramin. Aka ce in yi haƙuri, komai bi da bi ne. Cikon ya zo a kan lokaci, tifa bayan tifa, shara da ɓaraguzai. Lambatu ko ƙeyarsa ba mu gani ba.

Abin da ya fi ci mini rai, ba baƙi ba ne suka saya. Kin tuna Bala, abokina, wanda kika taɓa jawowa da kunne daga cikin ruwan nan yana koyon iyo da gora? Wanda ya ci tuwonki ya fi a ƙirga? Yanzu Alhaji Bala ne. Shi ya sami fulotin da ke daidai bakin lungu, inda ruwa ke faɗawa. Kada wani ya ce mini bai sani ba. Ya ɗaga harsashin gidansa har ƙirjin mutum kafin ya aza bulo na farko. Wanda bai san ruwa ba ba ya yin haka. Ya san shi sarai, ya dai tabbatar ba a nasa gidan zai kwana ba. Da na yi masa magana sai ya dafa kafaɗata yana murmushi, wai in bar tsoro, ai Allah ke tsarewa.

Ɗakinki kuwa ban taɓa barinsa ba. Da ƙasa ta gagara a kusa, da jaki nake zuwa bayan gari in ɗebo, in cuɗa da ciyawa, in yaɓe shi da hannuna. Hajo, surukarki, tana share shi, tana goge jeren kwanukanki. Daɓen nan da kika yi da makuba, kika kwana biyu kina bugu har tafinki ya yi kanta, yana nan da santsinsa. Ran Juma'a in na sauko daga masallaci nakan shiga in zauna a bakin gadonki, ba don komai ba, don sanyin wurin da ƙamshinsa.

Daminar farko mun sha da ƙyar, da buhunan yashi a ƙofar zaure. Kafin ta biyu Alhaji Bala ya gama katangarsa, ta toshe bakin lungu ƙirif.

Ranar da abin zai faru, hadari ya haɗo bayan azahar. Ba wani ruwan mamaki ba ne, kin ga waɗanda suka fi shi sau da yawa kina tankaɗe a rumfa. Ya gangaro yadda ya saba, ya daki katanga, ya juyo, ya tsallake buhunan, ya shigo ta zaure. Kafin la'asar ya kai gwiwa a tsakar gida. Ya fara lasar gindin rumbu. Katangar da ke tsakaninmu da Malam Isa maƙwabcinmu ta jiƙe tana zubar da yaɓe, kuma a bayanta ne ɗakin surukarsa yake, tana jego, jaririn ko suna ba a yi ba. Ina jin matan gidan suna salati.

Na zaga ko'ina ina neman inda zan ba ruwan hanya. Gabas bulo, kudu bulo. Wuri ɗaya ya rage, wani ɗan tsukin da magina suka bari tsakanin sababbin gidaje biyu, yana gangarawa fadama. Kuma yana bayan ɗakinki daidai.

Ni da Hajo muka kwashe kwanukan, muka fitar da gado, muka ɗora a kan rumfa. Sannan na ɗauki diga na shiga. Bangon da nake yaɓewa kowace shekara, ni na san inda ya fi kauri, ni na san inda zan sara. Ban san lokacin da na fara kuka ba, na dai ji gishiri a bakina. Da ya huje, ruwan ya shigo ta ƙofarki ya fita ta bayanki da ƙarfin da ya kusa kayar da ni. Tsakar gida ta janye. Katangar Malam Isa ta tsaya. Kafin magariba sauran bangayenki suka zauna, azara ta biyo su.

Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. An yi sunan yaron a ranarsa.

Mutane suka yi ta zuwa jaje. Har da Alhaji Bala, da babbar riga, yana tattare ta kada ta taɓa laka, yana cewa ƙaddara ce. Na yi imani da ƙaddara, ke kika koya mini. Amma na ga direban tifa da idona, na san wanda ya kafa turaku, na san wanda ya ɗaga harsashi. Ban tanka masa ba, don na ji abin da zai fito daga bakina ba irin tarbiyyarki ba ne.

Na ce a raina ba komai, da kaka zan tayar da ɗakin. Na ɗebo ƙasa, na buga tubali, na jera suna shan rana. Ana nan sai ga 'yan kwamiti, da igiyarsu, da gwangwanin jan fenti. Suka bi sawun da ruwa ya yanka, daga lungu, ta zaure, ta tsakiyar ɗakinki, har fadama, suna gyaɗa kai. Suka shafa fenti a kan guntun bangon da ya rage. Wai bincike ya nuna nan ce hanyar ruwa ta asali, nan lambatun unguwa zai bi, ba a yarda a sake gini a wurin ba. Babbansu har da yaba mini, wai na taimaki al'umma. Katangar da ta toshe hanyar ruwan ta gaskiya tana tsaye a gabansu, sabuwa fil, ba wanda ya ɗaga kai ya dube ta.

Sun yi lambatun, Inna. Wannan karon ba su yi jinkiri ba. Ruwan wanke-wanken unguwa duka yanzu ta inda gadonki yake yake wucewa, ni kuma na aza katako ina tsallakawa in zan je rumbu. Sani har yau bai sami fili ba.

Mutane suna cewa in roƙe ki gafara. Na yi ta juya maganar, na ga ba ta taso ba. Na san ki. Da kina tsaye a wurin, kina jin kukan jaririn nan ta bayan katanga, ke za ki miƙo mini digar, ki kuma yi mini faɗan na tsaya kwashe kwanuka. Kewarki ce kawai ta dame ni, ran Juma'a in na sauko ban san inda zan zauna ba.

Allah Ya jiƙanki, Inna. Ya yalwata kabarinki, Ya sanyaya shi, Ya ba ki ɗaki a Aljanna wanda ba mai shafa masa fenti. Mu kuma da aka bari, Allah Ya bi mana hakkinmu, Ya sa mu cika da imani. Amin.

Ni ne naki,
ɗanki na fari, wanda ba ki taɓa kiran sunansa ba.