Taken Baba a Cikin Fiyano

Unguwar Shanu, Kaduna.

Zuwa ga ƙanena Malam Husaini,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Saratu da yara da ɗalibanka na Rafin Guza. Ni jiki da sauƙi, sai hannun dama da har yau bai dawo ba. Maƙwabcina Usman ke rubuta mini, na ce kada ya rage ko kalma.

Tun bikin 'yata Ladidi nake riƙe da maganarka. A gaban surukai ka ce na ɓata taken da Baba yake yi da kukuma, wai tsayawar nan ta tsakiya ni na ƙara don hannuna ya gaza. Ka faɗa ka shura takalmi. Na aika ba ka zo ba, na kira ba ka ɗauka ba. Ka bar kiɗa ka kama allo, ban ce maka komai ba, Allah ya ƙara ilimi. Amma kunnen da ya ji Baba saura naka da nawa.

Ka san ɗana Shamsuddeen yana yi wa mawaƙa kiɗa da fiyano. Kafin ciwon nan ya kayar da ni, ya zaunar da ni na goga taken, yana bi da yatsu har ya kama. Ya ce fiyanon ya ajiye shi a cikinsa, ya kuma sauya masa murya ta koma kamar ta goge. Ban yarda ba sai da ya janye hannuwansa ya rungume, abin yana ta yi shi kaɗai. Da hannuna ya shanye, kukuma ta koma jikin bango, can kawai taken ya rage.

To satin da ya wuce sun tafi wasan biki Zariya da ƙaramin fiyano, ya bar babban a ɗaki. Kewar Baba ta taso mini. Na ce ni da na haifi mai abin ba zan jira shi ba. Na jona wuta, na danna inda nake ganin yana dannawa. Sai ga wani kiɗan Turawa, tililin-tililin, kamar na mai tallan askirim. Na sake dannawa, wani ya fito. Husaini, nan take na janye hannuna. Ka tuna yadda Umar, yaron maƙwabtanmu, ya ɗauki wasan ƙwallo a kan kaset ɗin Baba guda ɗaya da muke da shi, ya shafe? Na ce shi ke nan, na maimaita da hannuna. Na nemi in rera taken da baki, tsakiyar ta ƙi zuwa. Na lulluɓe fiyanon da zane, tuwo ya daina wuce mini, har uwar yara ta fara maganar asibiti.

Da Shamsuddeen ya dawo na faɗa masa ina kallon ƙasa. Yaron nan dariya ya yi har da riƙe ciki. Wai waɗancan kiɗe-kiɗen da su aka ƙero fiyanon, ɗakinsu daban, ɗakin abin da mutum ya ɗauka daban, ba kaset ba ne. Ya danna nan ya danna can, sai ga Baba. Wallahi sai ga Baba, har da tsayawar, kamar mutum ya ja numfashi kafin ya ɗauki kaya. Na sa ya maimaita har aka kira la'asar. Ranar malmala biyu na ci, na nemi ƙari. Yanzu ya kwafe shi a wani ɗan ƙarfe kamar ɗan yatsa, na sa a aljihun 'yar ciki, ya kuma manna takarda ja a inda zan riƙa dannawa.

Saura kai. Rafin Guza ba Makka ba ce, Keke Napep ɗaya ne. Ban ce ka taɓa kukuma ba, kunnenka kawai nake nema. Ka zo ka zauna, in danna maka da hannun hagu, ka faɗa mini a gaban yarana: Baba yana tsayawa a wurin nan ko ba ya tsayawa? Kada ka aiko gaisuwa, amsa nake jira.

Ka gaida Saratu. Allah ya jiƙan Baba.

Yayanka,
Audi Mai Kukuma